Koyarwa da bincike a jami'a kan isar da saƙon daji, ruwa da ma'adinai: ta ina ake shiga?

Wata ɗaliba da ta yi digirin farko a fannin gandun daji da namun dawa ta aiko mini da tambaya. Ta ce lokacin hidimar ƙasa an tura ta wani gidan rediyo, ta riƙa taimakawa a shirin manoma da makiyaya, har abin ya shiga ranta. Yanzu tana son ta zama malamar jami'a mai bincike a kan yadda bayanin daji da ruwa da ƙasar noma da ma'adinai yake isa ga jama'a. Tana so ta sani ko wannan fanni ne da ake ɗaukar mutum aiki a kansa, ta wace ƙofa ake shiga, kuma ko zai riƙe mai shi.

'Yata, akwai aikin, kuma ana matuƙar buƙatar masu yin sa. Sai dai da wuya ki ga wata jami'a a Najeriya ko Nijar tana cigiyar malami da wannan suna. Aikin a warwatse yake cikin sassa huɗu ko biyar, kowanne da sunan da yake kiran sa, don haka dole ki san gidan da za ki sauke kayanki tun da wuri. Zan zo kan wannan. Bari in fara da inda fannin yake da sunansa na yanka.

A Amurka ne aka fi ganin kujerar malami mai ɗauke da wannan suna ɓaro-ɓaro, kuma akwai dalili. Dokar Morrill ta 1862 ta bai wa jihohi filaye domin su kafa kwalejojin noma da sana'a. Dokar Smith-Lever ta 1914 kuma ta ɗora wa waɗannan makarantu nauyin kai sakamakon bincikensu ga manoma har gundumominsu. Shi ya sa a can ake iya raba wa malami lokacinsa tun a takardar ɗaukar aiki: kaso kaza na aji, kaso kaza na bincike, kaso kaza na fita wurin jama'a. A kan dukkan ukun za a auna shi bayan kimanin shekara 6, kafin a tabbatar masa da kujera ta dindindin. Jami'o'i irin su ta Florida da ta Wisconsin da Cornell da ta jihar Colorado suna da sassa ko cibiyoyi da aikinsu ke nan. A irin wannan jami'a ce, a jihar Iowa, Bryce Ryan da Neal Gross suka wallafa bincikensu na 1943 a kan yadda sabon irin masara ya bazu. Sun gano cewa yawancin manoma daga bakin dillalan iri suka fara jin labarinsa, amma ba su shuka ba sai da maƙwabta suka gamsar da su. Duk wanda ya taɓa aikin malamin gona a ƙauyukanmu ya san wannan a aikace.

Wannan tsari ya taɓo mu kai tsaye. Jami'ar jihar Kansas ta taimaka wajen gina tsangayar noma da ta likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1960, kuma a Samaru akwai cibiyar binciken noma ta IAR da kuma NAERLS, wadda aikinta shi ne ta zama gada tsakanin masu bincike da malaman gona na ƙasa baki ɗaya. In kina neman wurin da ya fi kama da abin da kike mafarki a arewacin Najeriya, can ne: malaman jami'a ne, ana ƙara musu girma kamar kowa, amma aikinsu na yau da kullum shi ne ƙasidu da shirye-shiryen rediyo da horar da ma'aikata da zagayen gonaki.

To amma kafin maganar kujera, ina so ki fahimci abin da ake bincikawa, domin a nan ne ɗalibai da yawa suke ɓata shekarunsu. Mafi yawan kundayen digiri na biyu da suke zuwa teburina a wannan fanni iri ɗaya ne. An raba takardar tambayoyi ga mutum ɗari biyu ko uku, an auna "matakin wayewar kansu" game da kwararowar hamada ko sare itatuwa, an gano cewa wayewar ta yi ƙaranci, an ba da shawarar gwamnati ta ƙara wayar da kai. Wannan aiki yana ɓata mini rai, domin tun daga tushe ya ɗauka cewa matsalar rashin sani ce. Manomin da rairayi ya binne masa rabin gona a Yusufari ko Maigatari ya fi ni da ke sanin hamada tana matsowa. Matar da take sayen itacen girki kullum ta san ya yi tsada, ta kuma san dalili. Abin da ba mu sani ba, mu na jami'a, shi ne me ya sa mutumin da ya san duk wannan yake yin abin da yake yi, wa yake saurara, wa yake tsoro, kuma me zai rasa in ya bi maganarmu.

Ina sabon malami, na taɓa shiga wani gangamin dashen itatuwa a wani ƙauye. Muka kai dashe cike da mota, aka yi jawabai, aka ɗauki hotuna. Da na koma bayan shekara, 'yan kaɗan ne suka rayu. Na zauna da wani dattijo ina tambayar sa dalili, ina tsammanin zai ce awaki ko ƙarancin ruwa. Sai ya mayar mini da tambaya: in itacen ya girma, na wa ne, kuma in ya sari reshe ɗaya don ya gyara danga, malamin daji zai ƙyale shi? Ban da amsa a ranar. Tambayar nan ce ta juya mini akalar bincike har yau.

Abin da ya faru a jihar Maraɗi ya nuna girman wannan tambaya. A farkon shekarun 1980 an kashe kuɗi mai yawa a Nijar wajen rainon dashe da dasa shi, akasari kuma ya mutu. A 1983 Tony Rinaudo, wani ɗan Ostareliya da yake aiki a yankin, ya lura cewa 'yan ƙananan tsirran da ake sassabewa kowace shekara kafin damina toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi aka bar su, aka rage sauran, cikin 'yan shekaru sai su zama itace. Dabarar ba ta buƙatar kuɗi ko ban ruwa, kuma manoma da yawa sun san ta tun kaka da kakanni. Me ya hana ta yaɗuwa? Dokar daji da aka gada daga Faransawa ta mayar da itatuwa mallakar hukuma, ana cin tarar manomi a kan itacen da ke cikin gonarsa, don haka barin itace a gona jawo wa kai fitina ne. Ga kuma kunya, domin gonar da ba a share ta tas ba ana ganin ta rago ce. Sai da aka sassauta riƙon ma'aikatan daji, manoma suka tabbata cewa itacen nasu ne, sannan abin ya bazu daga gona zuwa gona da sunan sassabin zamani. Hotunan tauraron ɗan Adam da aka kwatanta daga baya sun sa masana suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, gawo da kalgo da sabara da sauransu. Dubi wannan labari da idon mai bincike: akwai doka a ciki, akwai suna mai daɗin faɗa, akwai tsoron abin da maƙwabci zai ce, akwai rediyo da ziyarar manomi ga manomi. Kowanne ɗaya ya isa kundin digirin digirgir.

Misali na biyu ya fi ciwo. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, irin su Dareta da Yargalma, daga baya kuma Bagega. Aƙalla yara 400 suka rasu. Dutsen da ake haƙowa don neman zinariya yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo shi cikin gida ana daka shi a turmi ko a niƙa a inji, ƙurar ta bi tsakar gida inda yara suke rarrafe suna kai hannu baki. Ilimin kimiyyar abin bai ɗauki lokaci ba kafin a gane shi. Inda aka sha wuya shi ne magana da mutane. Wasu sun yi nauyin baki a farko saboda tsoron kada a hana haƙar da ta fitar da su daga talauci, kuma suna da gaskiyar jin tsoron. Saƙon "ku daina" bai yi aiki ba. Wanda ya fi karɓuwa shi ne na rage haɗari: a fitar da niƙa bayan gari, a jiƙa dutsen don ƙura ta kwanta, a yi wanka a sauya tufafi kafin a shiga gida. Duk da haka, a 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Darasin Zamfara bai tsallaka iyakar jiha ba cikin shekara biyar. Me ya sa? Wannan tambaya ce ta fanninki, kuma rayuka ne a cikinta.

A nan zan ce miki wani abu da ya shafe ki a matsayinki na mace. Dakan dutsen nan a cikin gidaje ake yin sa, inda baƙo namiji ba ya wuce zaure. Haka itacen girki, da ɗiban ruwa, da sarrafa ɗorawa da kuka da zogale, da kiwon awaki da tumaki na cikin gida: mafi yawansu a hannun mata suke. Bincikenmu na shekaru da dama ya dogara ne da abin da maigida ya faɗa a ƙofar gida a madadin kowa. Ke za ki yi sallama ki shiga har ɗaki, ki zauna a tabarma, ki ji abin da ni ba zan taɓa ji ba. Kada ki bari kowa ya sa ki ɗauki wannan a matsayin ƙaramin abu. Akwai kuma shirin AWARD da ke Nairobi, wanda tun 2008 yake tallafa wa matan Afirka masu binciken noma da horo da jagoranci. Ki sa masa ido.

Ruwa kuma nasa rikicin daban ne, domin wanda ya amfana da wanda ya cutu ba sa ganin juna. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Sun ba Kano ruwan sha da noman rani a Kadawa, amma sun sauya yadda ambaliya take sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, inda manoman shinkafa da masunta da makiyaya suka dogara da hawa da saukar ruwa. Da ruwa ya koma gudana duk shekara maimakon ya zo ya janye, sai ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa, wani wuri ya nutse, wani ya bushe, tsuntsayen jan-baki suka sami maɓoya. Tun farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki suka nuna cewa amfanin da ake samu daga kowace ma'aunin ruwa a fadamar ya zarce wanda ake samu a manyan ayyukan ban ruwa na sama. An wallafa wannan, an karanta shi a ƙasashen waje, amma sai a 2006 aka kai ga taron Damaturu inda jihohin da ke yankin kogin Komadugu-Yobe suka amince da tsari ɗaya na kula da shi. Tsakanin takardar masani da teburin gwamna akwai tafiya mai nisa, kuma sanin yadda ake yin wannan tafiya yana cikin abin da za ki koyar. Ki tuna da fashewar madatsar Alau a Satumban 2024 da yadda ruwa ya ci Maiduguri cikin dare. Wa ya kamata ya sanar da wa, da wane harshe, ta wace kafa, awa nawa kafin ruwan ya iso?

Yanzu maganar gida. Kina da ƙofofi kamar haka: sashen faɗakar da manoma da raya karkara a tsangayar noma, sashen gandun daji inda kika fito, sashen nazarin ƙasa ko kula da muhalli, da kuma sashen aikin jarida. Hukumar jami'o'i ta NUC ta rarraba tsohon kwas ɗin aikin jarida gida-gida, kuma ɗaya daga cikin sababbin shi ne sadarwa don raya al'umma, wanda yake buƙatar malamai. Akwai kuma cibiyoyi irin su Cibiyar Noman Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, inda ake haɗa masu fannoni daban-daban a aiki ɗaya. Abin da nake so ki kiyaye shi ne, jami'o'inmu suna son digirori su bi layi ɗaya. In kika yi na farko a gandun daji, na biyu a aikin jarida, na uku a nazarin ƙasa, kowane sashe zai iya cewa ke ba tasa ba ce ranar da za a ɗauki ma'aikata. Na ga haziƙan mutane sun maƙale a wannan rami. Shawarata gare ki, tunda kina da tushen kimiyya, ki yi digiri na biyu da na uku a faɗakar da manoma, ko a gandun daji ɗin kansa da bincike mai karkata ga jama'a, ki nemi mai duba aiki na biyu daga sashen aikin jarida. Ta haka kina da gida, kina kuma da maƙwabci. Wanda ya fito daga aikin jarida sai ya yi akasin haka, amma shi nauyinsa ya fi yawa, domin dole ya zauna ya koyi yadda ƙasa da ruwa da itace suke aiki. Wanda bai san bambancin gawo da sauran itatuwa ba, cewa shi da damina yake zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani kuma ya yi kore ya ciyar da dabbobi, manomi zai gane shi cikin minti biyar ya daina sauraren sa.

Matakan aikin sanannu ne. Mai digirin farko da sakamako mai kyau yana iya shiga a matsayin mataimaki mai neman ƙwarewa, mai digiri na biyu a matsayin mataimakin lakcara, daga nan lakcara mai daraja ta biyu, ta ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, farfesa. A bisa al'ada ana shekara 3 aƙalla tsakanin mataki da mataki, kuma a mafi yawan jami'o'i ba za ki haye zuwa babban lakcara ba sai da digirin digirgir. Matakai biyu na ƙarshe sai an aika da rubuce-rubucenki ga farfesoshin wasu jami'o'i sun tantance. A Nijar da sauran ƙasashe rainon Faransa, majalisar CAMES da ke Wagadugu ce take tantance ƙarin girman malamai na ƙasashe da yawa a wuri ɗaya.

Ga inda takalmin yake matsa wa mutanen fanninmu. Abin da ake ƙirgawa ranar ƙarin girma shi ne maƙalun da kika wallafa a mujallun ilimi, kusan dukkansu da Turanci. Shirin rediyo na mako 13 da Hausa wanda ya sa ƙauyuka suka sauya yadda suke sassabe, ko ɗan littafin ajami da kika rubuta wa masunta, makinsa kaɗan ne in ma an ba shi. Ina ganin wannan kuskure ne babba, kuma na sha faɗa a taruka. Amma kafin a gyara, ki koyi fitar da riba biyu daga tafiya ɗaya. In za ki yi shirin rediyo, ki tsara shi tun farko yadda za a iya auna tasirinsa: ki san halin da ake ciki kafin a fara, ki sami ƙauyukan da suka ji da waɗanda ba su ji ba, ki koma bayan damina ki ga abin da aka yi a gona, kada ki tsaya ga abin da aka ce miki an yi. Shirin ya amfani jama'a, maƙalar ta amfane ki. Ki kuma nisanci mujallun nan da suke karɓar kuɗi su buga komai cikin mako biyu. Suna cika takardar neman ƙarin girma, amma duk wanda ya san aiki yana gane su, kuma suna zubar da mutunci a idon masu ba da tallafin bincike.

Kayan aikin da za ki tanada ba su da yawa, amma kowanne sai an zauna masa. Ki iya ƙididdiga sosai, har ki daina kai wa wani bayananki ya "yi miki". Ki iya hira mai zurfi, wadda take da wuya fiye da yadda ake zato, domin yawancinmu mun saba da koyarwa, ba mu saba da yin shiru ba. Ki koyi karanta taswira da hotunan tauraron ɗan Adam. Ki san doka: Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, dokar auna tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 wadda ta wajabta a baje rahoto jama'a su gani su yi magana, da dokar ma'adinai ta 2007 wadda ta ce sai kamfani ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara haƙa. Ki tambayi kanki mutum nawa ne a ƙauyen da abin ya shafa suka taɓa ganin irin wannan rahoto, mai ɗaruruwan shafuka da Turanci, a ajiye a sakatariyar ƙaramar hukuma.

Sai harshe, wanda ni a wurina shi ne zuciyar aikin. Kalmar "yanayi" a Hausa tana ɗaukar halin sama na yau da gobe, tana kuma ɗaukar na shekara talatin, alhali a kimiyya abubuwa biyu ne. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, kuma hasashe magana ce ta yiwuwa. Yaya za ki gaya wa manomi cewa an fi kyautata zaton ruwa zai yi jinkiri, ba tare da ya ji kamar kina da'awar sanin gaibu ba, kuma ba tare da ya ce kin yi ƙarya ba in ruwan ya sauka da wuri? Manoma da yawa suna da nasu lissafin na taurari, kowane tauraro da kwanakinsa 13, da alamun iska da tsuntsaye da tohon itatuwa. Mai hankali yana ɗora sabon bayani a kan wannan, yana kuma zama da limamai da sarkin noma da ardo da sarkin ruwa kafin ya hau rediyo. Kuma Hausa kaɗai ba ta isa ba. A fadamun Nguru za ki haɗu da Bade da Kanuri da Fulfulde, kuma makiyayin da aka yi wa bayanin burtali da harshen manomi ya riga ya san ɓangaren da mai bayanin yake.

Game da abin da zai riƙe ki, ba zan ɓoye miki ba: albashin malamin jami'a a Najeriya bai kai wahalarsa ba, ajujuwa sun cika maƙil, kuma yajin aiki yana cin lokaci. Na 2022 kaɗai wata 8 ya ɗauka. Kuɗin bincike daga TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, yake zuwa ga jami'o'in gwamnati, sai kuma haɗin gwiwa da cibiyoyin binciken noma irin su IITA da ICRISAT da suke da ofisoshi a Kano. Fanninmu yana da wata dama da wasu ba su da ita, domin manyan ayyuka suna neman wanda ya iya magana da jama'a: Hukumar Babbar Katangar Itatuwa da take aiki a jihohi 11 na bakin hamada, da shirin farfaɗo da ƙasa na ACReSAL na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya a jihohin arewa 19 da Abuja. Aikin ba da shawara ga irin waɗannan yana rufa asiri. Yana kuma da haɗari biyu. Na farko, yana iya cinye ki har ki wayi gari shekara biyar ba ki rubuta komai naki ba. Na biyu ya fi muni: wata rana za a biya ki domin ki shawo kan mutane su yarda da abin da ke kanki kin san zai cuce su, a karɓe musu fadama ko a tashe su daga daji ba tare da diyyar kirki ba. Ki yanke wa kanki hukunci a kan wannan tun kafin ranar ta zo, domin ƙauyen da ya yarda da ke saboda sunan jami'a ba zai sake buɗe wa ɗalibanki ƙofa ba.

Akwai kuma tsaro. Dazuzzukan da malamanmu suka yi bincike a cikinsu, irin su Kamuku da Rugu da Sambisa, yau ba a shiga. Kada ki kai kanki ko ɗalibi inda dagaci ya ce kada a je.

In kin tambaye ni wanda za ki yi koyi da shi, zan ambaci mutum biyu da suka yi aiki a nan. David Norman, a Samaru daga tsakiyar shekarun 1960, ya bi manoman ƙauyukan Zariya yana rubuta aikinsu da amfaninsu, ya nuna cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wanda masana lokacin suke kira ci-baya, dabara ce mai riba da rage asara. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi shekara da shekaru yana komawa ƙauyen Dagaceri tun daga farin shekarun 1970, yana ganin yadda mutane suke jure fari su farfaɗo. Abin da ya ba aikinsu nauyi shi ne daɗewa a wuri ɗaya. Ki zaɓi albarkar ƙasa ɗaya da yanki ɗaya, ki riƙe su shekara goma. In da ni ne ke yau, kan iyaka zan nufa: Katsina da Maraɗi, ko Daura da Magarya. Harshe ɗaya, dangi ɗaya, ƙasa da ruwan sama kusan iri ɗaya, amma dokar daji da tsarin hukuma daban. Wuri ne da za a iya gwada abin da doka da magana suke yi wa itace. Za ki buƙaci ɗan Faransanci da abokan aiki a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ko cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN.

Kafin ki sayi fom ɗin digiri na biyu, ki koma gidan rediyon da kika yi hidima. Ki roƙi a ba ki faifan shirye-shiryen da masu sauraro suka bugo waya, na shekara guda in akwai. Ki zauna ki rubuta kowace tambaya da kalmomin da mai ita ya yi amfani da su, da garin da ya kira, da watan da ya kira, mace ce ko namiji. Ki ware waɗanda aka amsa da waɗanda baƙon shirin ya kauce musu. Ki ɗauki wannan littafi ki kai wa malamin da kike so ya duba aikinki, ku zauna ku fitar da batun bincikenki daga cikin waɗanda aka kauce wa.